Mazantaka Kafin Ruwan Tiga da Bayansa

Yau hirarmu ta ƙasar Kura da Bunkure ce, da yadda ruwa ya sauya ma'aunin namiji.

A zamanin kakanninmu, in ana son sanin namiji sai a dubi rumbunsa. Wanda ya ɗaure damin gero da dawa da zai kai gidansa wata kakar, shi ne magidanci. Wanda ya tara dami dubu har biki ake masa. Saurayi kuwa a gandun ubansa yake noma, uban ne zai biya masa haraji, ya yi masa aure. Da rani gonaki sun bushe, sai wasu su tafi ci-rani, wasu farauta da dambe. A Kura ga marina da mabuga, masu baƙin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke saye har cikin Sahara.

Sai Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974. Aka haƙa hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Rani ya koma lokacin aiki. Alkama da tumatir da albasa da shinkafa suka shigo, su kuma amfanin kasuwa ne, ba na rumbu ba.

To, nan fa lissafi ya canza. Yaro zai karɓi hayar fili, ya ci bashin taki, ya kai kwandunansa Kwanar Gafan, ya biya sadakinsa da kansa. Gandu ya fara watsewa. Tambayar ta tashi daga "dami nawa ya ɗaure?" ta koma "eka nawa ya noma, wane babur yake hawa?" Mu ma ba a bar mu a baya ba, don gumin shinkafa ya sa mata da yawa sun riƙe kuɗin kansu.

Amma kuɗin tumatir ba shi da alkawari. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano, masu bashi suka tsaya a ƙofar gida. A irin wannan shekara ake gane namiji: wanda ya zauna ya faɗa wa matarsa gaskiya suka yi shawara, da wanda ya huce haushinsa a kanta, ko ya ƙara aure a kakar riba ya bar yara babu kuɗin makaranta.

'Yan uwa, mu ne ke renon mazan nan, mu ne ke ba su 'ya'yanmu. In an zo neman auren 'yarki, kafin ki tambayi ekarsa, bincika yadda ya riƙe iyayensa a shekarar da ya faɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.