Daga Ƙofar Ganuwa Zuwa Ƙofar Nukiliya

Sarki Gijimasu, wanda ya mulki Kano daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashin ganuwar birnin. Amma ganuwa ba ta tsare gari ita kaɗai. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da almuru, wanda ya san baƙo, ya san ɗan gida, yana kuma lura da kayan da ke shiga da fita, domin magabata sun san da ɗan gari akan ci gari.

Wannan tsohon darasi ya sake tasowa a Zariya a 2004, lokacin da aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, amma makamashinta yuraniyom ne da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. Sai a 2018 aka musanya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

A irin waɗannan wurare, ma'aikacin da ya saba da ƙofa shi aka fi sa wa ido. Ba ya shiga sai da katin shaida, ba a barinsa shi kaɗai kusa da makamashin, kuma yana rataye da na'urar auna tururin da ya ratsa jikinsa. Akan ƙidaya sinadarin, a rubuta, masu binciken hukumar IAEA su zo su gwada lissafin da abin da ke ƙasa.

Sakaci kuwa ya taɓa cin mu. A ƙarshen 2002, wasu na'urori biyu masu tururin nukiliya sun ɓace daga motar wani kamfanin aikin mai a Neja Delta, sai a Jamus aka gano su cikin tarkacen ƙarafa. Da a kasuwar Ƙofar Ruwa suka faɗo, mai yankan ƙarfe ba zai san abin da ya riƙe ba, don tururin ba shi da launi, ba shi da wari.

Ganuwar Kano ta zaizaye, amma aikin Sarkin Ƙofa yana nan: a san mai shiga, a ƙidaya abin da ke fita.