Kaisariya Filibi (Baniyas): Bangon Dutse, Kogo da Matsirgar Ruwa

Baniyas shi ne sunan da ake kiran Kaisariya Filibi da shi a yau. Wurin yana gindin Dutsen Harmon, kimanin kilomita 40 arewa da Tekun Galili, a yankin Tuddan Golan wanda Isra'ila ta ƙwace daga hannun Siriya a yaƙin 1967. 'Yan'uwanmu masu zuwa ziyarar ibada sukan tsaya a nan, amma da yawa sukan dawo da hotuna kawai, ba su san abin da suka gani ba. Wasu kuma sukan dawo da labaran da ba su cikin Nassi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana wurin.

Abin da mutum zai fara gani shi ne wani babban bangon dutse mai ja-ja, a tsaye kamar an yanka shi da wuƙa, da bakin kogo a gindinsa. Harmon yana da tsayin mita 2,814, kuma dusar ƙanƙara takan rufe kansa a lokacin sanyi. In ta narke sai ruwan ya nutse cikin duwatsu, ya ɓullo a nan. A dā daga cikin kogon yake fitowa, har Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce ba a iya auna zurfinsa ba. Yanzu kogon ya bushe, ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙasa da shi. Wannan rafi, tare da na Dan da na Hasbani, su ne suke haɗuwa su zama Kogin Urdun.

Sunan ya samo asali daga Fan, gunkin Helenawa na makiyaya da jeji, wanda suke siffanta shi rabi mutum rabi bunsuru. Sun kira wurin Faniyas, bakin Larabawa ya mai da shi Baniyas. Har yau ana ganin alkukai da aka sassaƙa a jikin dutsen, inda ake ajiye gumaka, wasu da rubutun Helenanci a ƙarƙashinsu. Da Kaisar Augustas ya ba Hirudus Babba wannan yanki wajen shekara ta 20 kafin haihuwar Almasihu, sai Hirudus ya gina haikali na farin dutse don girmama shi. Ɗansa Filibus ya gina birni a nan ya mai da shi hedkwatarsa, ya sa masa sunan Kaisar. An ƙara sunan Filibus ne don a bambanta shi da Kaisariya ta bakin Bahar Rum, inda aka tsare Bulus. Bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 70, Titus ya yi wasanni a wannan birni, inda aka hallaka Yahudawa kamammu da yawa.

A wannan yanki ne, inda ake yi wa gunki hadaya ana kuma yi wa sarki sujada, Yesu ya tambayi almajiransa ko wa mutane suke ɗaukarsa, sa'an nan ko su kansu wa suke ɗaukarsa. Bitrus ya shaida cewa shi ne Almasihu. Labarin yana cikin Matiyu 16:13-20 da Markus 8:27-30. Nan ne kuma kalmar ikkilisiya ta fara fitowa a cikin Linjila, kuma daga nan Ubangiji ya fara faɗa musu a fili cewa zai sha wuya a Urushalima, a kashe shi, ya tashi a rana ta uku.

A nan muna so mu ja kunne. Masu yi wa maziyarta ja-gora sukan nuna kogon su ce mutanen dā suna kiransa ƙofar Hades, wai Yesu yana nuna shi da yatsa sa'ad da ya yi maganar ƙofofin Hades. Maganar tana da daɗin wa'azi, mun kuma ji ta a kan bagadi ba sau ɗaya ba. Amma Matiyu ya ce yankin birnin ne, Markus ya ce ƙauyukansa. Ba wanda ya ce Yesu ya tsaya a bakin kogon, ko ya shiga birnin ma. Mai wa'azi yana iya kawo dutsen a matsayin misali, muddin ya gaya wa jama'a cewa misali ne. Batun dutsen da za a gina ikkilisiya a kansa kuwa, Katolika suna fahimtarsa a kan Bitrus da magadansa, yawancinmu kuma muna fahimtarsa a kan Almasihu da shaidar da Bitrus ya bayar. Ganin wurin ba ya raba wannan gardama.

Matsirgar ruwan tana ƙasa da kogon, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a ƙafa ta bakin rafi, ko 'yan mintoci a mota zuwa ƙofa ta biyu. Tsayinta kimanin mita 10 ne. Wanda ya san Matsirga ta Kafanchan ko Farin Ruwa ta Jihar Nasarawa zai iya cewa, ashe wannan ce? Amma a ƙasar da ruwa yake da tsada, ƙarfinta da rurinta a cikin kwazazzabo mai duhuwar itatuwa abin tsayawa ne. A nan ya kamata a buɗe Zabura 42, inda mai zabura yake tuna Allah daga ƙasar Urdun da Harmon, yana jin rurin ruwa kamar wahala ce take bi ta kansa. Ba mu ce a wannan matsirga aka rubuta ta ba, yankin dai shi ne.

A saman kogon akwai wani ɗan farin ɗaki mai ƙubba na Annabi Halliru, wanda Duruzawa da Musulmi suke girmamawa, sai a bi da ladabi. An hana wanka a rafin. Kada a bar hanyar da aka shata, domin a Golan akwai filaye masu shinge da allunan gargaɗi inda nakiyoyin yaƙi suke binne har yanzu. Dattawa su sa takalmi mai kama ƙasa, matakalan da suke gangarawa zuwa matsirgar sukan jiƙe. Wanda ya ɗebo ruwan a gora don tunawa bai yi laifi ba, amma dattawan ikkilisiya kada su yarda a raba shi ko a sayar wa marasa lafiya da sunan magani.