KYAFTIN TA MANTA, ALLAH BAI MANTA BA

Karatu: Ishaya 49:14-16

Yau za mu waiwayi tarihin wata matuƙiyar jirgin sama 'yar ƙasar Amurka, mai suna Emily Howell Warner.

An haife ta a birnin Denver ta jihar Colorado a shekarar 1939. Tun tana budurwa, tana aikin kanti, ta fara koyon tuƙin jirgi, tana biyan kuɗin darasi daga ɗan albashinta. Ta ƙware har ta zama mai koya wa waɗansu. Ɗalibanta maza suka yi ta samun aiki a manyan kamfanoni, ita kuwa shekara da shekaru tana nema ba a ɗauke ta ba, gama a zamanin nan ba a ba mace wannan kujera. Sai a 1973 kamfanin Frontier Airlines ya ɗauke ta, bayan ta tara sa'o'i kusan 7,000 a sararin sama. A 1976 ta zama mace ta fari da ta kai matsayin kyaftin a kamfanin jigilar fasinja na Amurka. Daga baya ta yi aiki da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, har ta yi ritaya a 2002. Sa'o'in da ta yi a sama sun haura 21,000, wato kwana 875 ke nan, dare da rana.

Ku duba irin wannan aiki, 'yan'uwa. Matuƙi yana riƙe da hanya, da yanayin iska, da yawan mai, da umarnin masu ba da izinin sauka, rayukan mutane kuwa suna bayansa. Mantuwa ɗaya takan jawo makoki a gidaje da yawa. Amma wannan mace da ta riƙe waɗannan duka, a tsufanta ciwon mantuwa ya kama ta, irin wanda likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Ta rasu ran 3 ga Yuli, 2020, tana da shekara 80, sanadin wannan ciwo da raunin wata faɗuwa da ta yi.

Ciwon nan yakan lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mutum yakan fara manta abin da ya faru da safe, daga baya hanyar gida, a ƙarshe har fuskar 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da irinsa. Muna da su a ikilisiyoyinmu. Mukan ce gigin tsufa ne, waɗansu ma sukan jefi tsohuwa da maita don ta fita da dare tana sambatu. Wannan zunubi ne. Ciwo ne, bai bar kyaftin ba, ba ya kuma barin fasto ko dattijo ko uwar zumunta.

To, idan mai bi ya manta addu'ar Ubangiji, ya manta ranar baftismarsa, har ya manta sunan Yesu, ya ɓata ke nan? Ko kaɗan! A karatunmu Sihiyona ta yi kuka cewa an manta da ita, Ubangiji kuwa ya nuna mata cewa ko uwa mai shayarwa ta iya manta jaririnta, shi kam ba ya mantuwa, gama sunan mutanensa yana rubuce a tafin hannunsa. Ɓarawon nan a kan gicciye abu ɗaya ya roƙa, wato Yesu ya tuna da shi, ya kuwa isa. Cetonmu yana rataye ne a kan tunawar Allah.

Saboda haka mu zama masu tuna wa tsofaffinmu. Mu ziyarce su ko ba su gane mu ba, mu kira su da sunansu na girma, mu raira musu waƙoƙin da suka koya tun suna yara, gama waƙa takan daɗe a zuciya bayan magana ta tafi. Mu kuma karɓi masu jinyarsu su ɗan huta.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ran da hankalinmu zai gaza, ka riƙe mu. Ka ƙarfafa masu jinya, ka ba mu haƙuri da iyayenmu. A cikin sunan Yesu. Amin.