Hornbeam: Iccen da Turawan Ingila Suka Kira Ƙaho

Duk wanda ya yi lise a cikinmu ya san kalmar Faransanci "charme", amma ba kowa ya san cewa sunan icce ne kuma ba. Icce ne na ƙasashen sanyi, ba ya tsirowa a Maraɗi ko Damagaram. Masana tsirrai suna ce masa Carpinus betulus, kuma daga carpinus na Latin sunansa na Faransanci ya fito, ba ruwansa da ɗaya "charme" ɗin na fara'a da laya. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne sunansa na Ingilishi, hornbeam.

Ku raba kalmar biyu. Horn ƙaho ne. Beam kuwa, in ka buɗe ƙamus yau, zai ce maka azara ko gungumen da ke ɗauke da rufin ɗaki, ko kuma tsinken haske da ke fitowa daga rana ko fitila. To amma a tsohon Ingilishi beam na nufin icce mai rai, da saiwarsa da ganyensa. Jamusawa har gobe suna ce wa icce Baum, mutanen Holan suna cewa boom, duk gida ɗaya ne. A Ingila ne kalmar ta sauka daga iccen da ke tsaye ta koma kan wanda aka sare aka sassaƙa. Tsohuwar ma'anar ta maƙale cikin ƴan sunaye kaɗan kamar whitebeam da hornbeam. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma icce ɗaya muke cewa ga wanda muke zama a inuwarsa da wanda ake tuwo da shi.

Ƙahon fa? Bayani biyu ake yi. Wani mai ilimin tsirrai, John Gerard, a littafin da ya fitar a 1597, ya danganta sunan da taurin iccen, wai ya fi kusa da ƙaho bisa ga katako. Wasu kuma sun ce saboda da shi ake sassaƙa karkiyar shanun noma, wadda ke zama dab da ƙahonni. Ni na fi karkata ga na farko, don a wasu yankuna hardbeam suke ce masa, wato icce mai tauri, kuma ɗan'uwansa na Amurka ana kiransa ironwood, iccen ƙarfe. Ku ɗauka kiryarsu ce. Masassaƙa ba su cika sonsa ba don yana dakusar da kayan aiki, amma duk inda ake son abin da ba ya cinyewa shi ake nema: haƙoran injin niƙa na iska da na ruwa, gungumen mahauta, ƙotar kayan aiki. Wutarsa na da zafi, gawayinsa na da kyau.

Wannan wutar ce ta sa shi cikin rigima. A arewa maso gabashin Landan akwai dajin Epping, wajen hekta 2,400, cike da hornbeam. Talakawan ƙauyukan da ke kewaye suna da haƙƙin gado na sassabe rassa. Ba su kayar da icce. Suna sare kansa ne sama da tsayin mutum, inda shanu da barewa ba za su kai ga sabon toho ba, bayan ƴan shekaru a dawo a sake. A Loughton lokacin sara na farawa 11 ga Nuwamba, ya ƙare 23 ga Afrilu, wato dai tsawon sanyi. Ga gidan da ba shi da kuɗin sayen kwal, wannan haƙƙi shi ne wutar girki da ta jin ɗumi.

Sai masu ƙasa suka fara shinge. Mutane sun riga sun ga abin da ya samu dajin Hainault na maƙwabta, wanda aka tumɓuke mafi yawansa bayan dokar 1851 aka mai da shi gona. A 1865 mai gandun Loughton, wani limamin coci mai suna John Whitaker Maitland, ya killace fili mai yawa. Wani leburan ƙauyen, Thomas Willingale, ya ƙi yarda. Ya ci gaba da sara, aka kai wasu daga cikin danginsa kurkuku, shi kuma ya shigar da ƙara da taimakon wata ƙungiyar kare filayen jama'a. Ya rasu a 1870 shari'ar ba ta ƙare ba, amma ta riƙe masu shinge har hukumar birnin Landan ta shigo da tata ƙarar, ta yi nasara a 1874. Dokar 1878 ta ba wa birnin riƙon dajin, a 1882 Sarauniya Biktoriya ta zo da kanta ta ce na jama'a ne.

A nan ne nake so mu tsaya mu duba, don littattafai na son su kira wannan nasara su wuce. An ceci dajin, gaskiya ne. Amma tsarin da ya cece shi shi ne ya kashe haƙƙin sara. Jama'ar da aka ba dajin su ne ƴan birni masu zuwa shan iska ranar hutu, ba masu gatari da suka yi tsayin daka ba. An biya mutanen Loughton diyyar fam 7,000, da wani kaso aka gina musu zauren taro da aka buɗe a 1884, sunansa Lopping Hall, wato zauren sassabe. Ka ji fa, an karɓe abin an bar musu sunan. Duk ɗan manomin da ya taɓa ganin jami'in gandun daji ya tsare wani a kan reshen gawon gonarsa zai gane zancen.

Su ma itatuwan ba su ji daɗi ba. Icce da ya saba da aski ɗaruruwan shekaru, da aka bari sai rassansa suka yi kauri da nauyi, suka rufe hasken ƙasa, wasu suka tsage gindin da ke ɗauke da su. Yau ma'aikatan dajin ne ke hawa suna sare kawunan tsofaffin hornbeam ɗin don kada su faɗi, ana biyansu albashi.