Kamen masu laifin tuƙi a Najeriya: Wa ke kamawa, kuma me ake kamawa?

Da wuya shekara ta wuce a Najeriya ba tare da wata hukuma ta yi shelar soma kamen direbobi a kan wani laifi ba. Wani lokaci kamen na marasa takardu ne, wani lokaci na masu gilashi mai duhu, ko na 'yan acaɓa marasa hular kwano.

A shekarar 2025 kaɗai rundunar 'yan sandan ƙasar ta yi irin wannan shela sau biyu. A ranar 1 ga watan Fabrairu ta soma kamen motocin da ba su da inshora, sannan ta tsayar da 2 ga watan Oktoba domin kama masu gilashi mai duhu da ba su da izini.

A shekarar 2024 kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutane 5,421 ne suka mutu a haɗurran mota 9,570. Kamar yadda rahotanninta suka saba nunawa, gudun wuce ƙima ne ke kan gaba a jerin dalilan.

Wannan ne ya sa ake yawan tambaya ko laifukan da aka fi kamawa su ne waɗanda suka fi kisa.

Titi ɗaya, hukumomi da dama

Asali aikin tabbatar da bin dokar hanya na 'yan sanda ne, kuma har yanzu suna da ikon tsayar da mota, da bincikarta, da gurfanar da direba gaban kotu.

A watan Fabrairun 1988 ne gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar FRSC, ta kuma naɗa Farfesa Wole Soyinka shugabanta na farko. A 1999 aka mayar da ita ƙarƙashin rundunar 'yan sanda, amma haɗin bai yi ƙarko ba, domin an sake raba su a 2003. Dokar da ta fayyace ikonta ita ce wadda aka kafa a 2007.

Bayan waɗannan akwai jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO, waɗanda ke ƙarƙashin jihohi da hukumar babban birnin tarayya. Jihohi da dama kuma sun kafa nasu hukumomin: LASTMA a Legas a shekarar 2000, KAROTA a Kano a 2012, da KASTLEA a Kaduna.

Idan aka haɗa da sojoji, da jami'an kwastan, da masu karɓar harajin ƙananan hukumomi, direban da ya taso daga Kano zuwa Legas kan tsaya sau da dama domin nuna takardun da ya riga ya nuna a baya kaɗan.

Batun wanda ke da ikon yin me ya sha kaiwa gaban alƙali. A watan Oktoban 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta bai wa jami'an VIO na birnin ikon tsayar da motoci a kan titi, ko kwace su, ko cin tarar direbobi.

Shingen bincike

Babu abin da ya fi jawo wa 'yan sandan Najeriya zargi kamar shingayen da suke kafawa a kan hanya.

A watan Agustan 2010 ƙungiyar kare haƙƙin bil adama ta Human Rights Watch ta wallafa wani rahoto, inda ta ce shingayen sun zama wuraren tatsar kuɗi daga direbobin haya, galibi naira 20 a wancan lokaci. Ta ce ƙananan jami'ai na miƙa wani kaso na abin da suka tara ga na gaba da su, kuma an sha harbe mutane saboda gardama a kan wannan ɗan kuɗi.

A farkon 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Dikko Abubakar, ya ba da umarnin rushe shingayen a duk faɗin ƙasar. A 2017 Ibrahim Idris ya sake bayar da irin wannan umarni, abin da shi kansa ke nuna inda na farkon ya kwana.

'Yan sanda na da tasu hujjar. Rikicin Boko Haram, da fashi, da satar mutane a hanyoyi irin na Abuja zuwa Kaduna, sun sa matafiya da dama sun fi samun natsuwa idan suka hango jami'i da bindiga. To amma wannan hujja ta tsaro ce. Shinge na iya tare ɓarawon mota, amma ba ya auna gudun da direba ya yi kafin ya iso, ko wanda zai yi da zarar ya wuce.

Haka ma batun gilashi mai duhu. Dokar da ta hana shi ta 1991 ce, kuma manufarta hana miyagu ɓoye makamai ko mutanen da suka sato. An dakatar da bayar da izininsa a 2021, aka dawo da shi a 2025 tare da biyan kuɗi ta intanet. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta kai ƙara, kuma a watan Oktoban shekarar rundunar ta dakatar da kamen 'yan kwanaki bayan ranar da ta tsayar.

Abin da ke kisa

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 100 a sa'a a kan tagwayen hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi, da 50 a cikin gari. Motocin haya ba za su wuce 90 ba, tankoki da tireloli kuwa 60 ne iyakarsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci na ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4 cikin 100. Ta kuma ce idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun kilomita 65, yiwuwar mutuwarsa ta ninka sau huɗu da rabi a kan wanda aka buge a gudun kilomita 50.

Matsalar ita ce gudu laifi ne mai wuyar kamawa. Yana bukatar na'urar auna gudu, da motar sintiri mai lafiya da mai a cikinta, da hujjar da za ta tsaya a kotu. Rashin takarda ko tukunyar kashe gobara kuwa, jami'i na tsaye a inuwa zai gano shi cikin minti ɗaya.

FRSC ta yi ƙoƙarin kauce wa wannan cikas ta hanyar tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, kuma ta soma kame a kan haka a ranar 1 ga watan Fabrairun 2017. Manyan kamfanonin sufuri sun fi bin umarnin. Masu mota ɗaya ko biyu sun koka da tsadar na'urar, an kuma sha samun waɗanda suka sanya ta domin nuna wa jami'ai, suka tsinke wayarta daga baya.

Akwai dalilin da ya sa direban haya ke gudu. Sau da yawa motar ba tasa ba ce, kuma akwai adadin kuɗin da zai kai wa mai ita, bayan na mai, da na tasha, da abin da zai bari a shingaye. Sawu biyu a rana ya fi masa sawu ɗaya, fasinja shida a motar mutum huɗu sun fi masa huɗu. Lodin wuce ƙima da tuƙi cikin gajiya duk daga nan suke tasowa.

Mafi muni shi ne ɗora mutane a kan tirelolin da ke ɗauke da shanu ko buhunan hatsi daga arewa zuwa kudu. Idan irin wannan mota ta kife, akan ƙirga gawarwaki da dama a lokaci guda, kuma galibinsu matasa ne masu tafiya ci-rani da ba su da kuɗin motar fasinja.

Ba talaka kaɗai abin ke ci ba. A watan Maris na 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Binciken FRSC ya ambaci gudu a cikin dalilan haɗarin.

Ƙwarya a madadin hular kwano

Ba kowane kame ne ke tashi a banza ba. A ranar 1 ga watan Janairun 2003 FRSC ta soma tilasta ɗaura bel, kuma cikin ɗan lokaci ya zama al'ada ga direbobi da masu zama a gaba, musamman a birane. Bel ɗin yana cikin motar tun asali, ɗaura shi ba ya cin ko kwabo, kuma jami'i na iya ganinsa daga nesa. Ga masu zama a baya kuwa, har yanzu da sauran aiki.

Labarin hular kwano ya sha bamban. An soma kamen ne a ranar 1 ga watan Janairun 2009, lokacin da acaɓa ke ɗaukar mafi yawan fasinjojin biranen arewa. Nan da nan farashin hular ya tashi. A Kano an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, wasu tukunya, wasu hular leburorin gini, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na duniya.

Fasinjoji ma sun ƙi. Wasu na gudun cutar fata daga hular da kowa ke sawa, wasu na tsoron a yi masu asiri da ita, ga kuma mai rawani ko ɗaurin ɗankwali da bai ga inda zai sa ta ba. Bayan 'yan watanni kamen ya lafa, alhali raunin kai shi ne babban abin da ke kashe masu hawa babur.

Abin da ya rage acaɓa daga baya wani dalili ne dabam. Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Abuja ta riga ta kore su daga tsakiyar birni tun 2006, Legas kuma ta hana su hawa ɗaruruwan tituna a dokarta ta 2012.

Tara ko haraji?

A jadawalin dokar 2007, tarar rashin ɗaura bel naira 2,000 ce, amsa waya ana tuƙi 4,000, tuƙin ganganci kuma 50,000. Faɗuwar darajar naira ta cinye kaifin waɗannan kuɗaɗe tun tuni.

A jihohi kuwa kukan akasin haka ne. Direbobi da masu Adaidaita Sahu sun sha zargin cewa an mayar da hukumomin kula da zirga-zirga hanyar tara kuɗin shiga, zargin da hukumomin ke musantawa. Duk inda tara ta yi tsada, kuma karɓo motar da aka kwace ke cin yini guda, direba kan gwammace a sasanta a bakin titi.

Masana harkar sufuri sun daɗe suna cewa abin da ke sauya halin direba shi ne tabbacin cewa za a kama shi, fiye da girman tarar. Misalin da aka fi kawowa shi ne Faransa. A 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sanya kiyaye haɗurra cikin manyan manufofin gwamnatinsa, a 2003 aka soma kafa kyamarorin da ke ɗaukar lambar mota su aika da takardar tara gida. Mace-mace sun ragu daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010.

Irin wannan tsari na bukatar rajistar motoci mai inganci da adireshin da za a sami mai mota. Legas ta soma amfani da kyamarori masu karanta lambar mota, amma a mafi yawan jihohi aikin na hannun jami'in da ke tsaye a titi.

Su kansu alkaluman da ake tsara manufa a kansu ba su cika ba. A 2016 hukumomin Najeriya sun ƙirga mutuwar mutane 5,053, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa adadin ya kai 39,802. Wanda ya cika a asibiti bayan kwanaki, ko wanda 'yan uwa suka ɗauke daga wurin haɗari suka yi wa sutura a ranar, ba lallai ne ya shiga lissafi ba.

Tankokin mai

A daren 15 ga watan Oktoban 2024 wata tankar mai ta kife a garin Majiya na jihar Jigawa. Mutane sun taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da 150 suka mutu. A ranar 18 ga watan Janairun 2025 haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda mutane fiye da 80 suka hallaka.

FRSC ta ce mutane 411 daga cikin waɗanda suka mutu a 2024 sun rasa rayukansu ne wajen kwasar mai, abin da ya sa adadin mamatan ya zarce na 2023, wato 5,081, duk da cewa yawan haɗurran ya ragu.

Bayan haɗarin Dikko ne gwamnatin tarayya ta hana amfani da tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 zuwa sama, daga ranar 1 ga watan Maris na 2025. Sanarwar ta fito ne daga hukumar da ke sa ido kan rarraba man fetur, wadda ta ce ba za a yi wa irin waɗannan motoci lodi ba tun daga ma'ajiyar mai, kafin su kai ga hawa titi.