Ina Ruwan Kogin Wudil Yake Zuwa?

Wani mai sauraronmu daga ƙasar Ajingi ya aiko da takarda yana cewa, shin kogin nan da yake gifta su, a wace teku yake zuba? Kuma me ya sa halinsa ya sake?

To malam, kogin nan ba ya zuwa teku ko kusa. Kogin Kano ne yake gangarowa daga duwatsun kudu wajen Riruwai, Kogin Chalawa kuma daga yamma, su haɗu kudu da birnin Kano. Ku mutanen Gaya kuna kiransa Kogin Wudil, a taswira kuwa Kogin Haɗeja ne. Daga Wudil sai ya bi ta gefen Ajingi, ya shiga Jigawa ta Ringim har Haɗeja. Nan ƙasa take shimfiɗe, sai ruwan ya rarrabu, ya malale fadamu da tabkuna har Nguru. Abin da ya tsira ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya raba Nijeriya da Nijar, sannan ya faɗa Tabkin Chadi kusa da Boso.

A da, ba wanda yake riƙe shi. Da damina ya cika ya yi ambaliya, da rani ya janye, a bi danshi a yi shuka. Shinkafa da kifi da makiyaya duk a kan wannan ambaliya suka dogara.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, wadda aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, a 1992 kuma aka gama ta Chalawa wajen Ƙaraye. Da su aka sami noman rani a Kadawa da Kura, da ruwan sha a Kano. Amma fa ambaliyar da take ciyar da fadamun gabas ta ragu. Da ruwa ya koma gudu rani da damina, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki. Shi ya sa za ka ji wani gari na kukan ambaliya, na gaba da shi na kukan ƙishirwa.

Shi Tabkin Chadi, a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Kada dai a ɗora wa kogin namu laifin duka, domin mafi yawan ruwan tabkin daga Kogin Shari yake zuwa, ta ƙasar Chadi.

Saboda haka malam, in ka tayar da injin ban-ruwa a bakin kogi, ka tuna akwai mai albasa a Gashuwa da mai tattasai a Difa suna jiran saura. Da fatan ka gamsu.