Tarihin Kiɗan Indie na Pop da Rock a Ƙasar Suwidin

Kiɗan indie na Suwidin suna ne da ake bai wa waƙoƙin pop da rock waɗanda ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa da ƙananan kamfanonin faifai na ƙasar suka riƙa fitarwa ba tare da jingina da manyan kamfanonin duniya ba, kuma ya fi tashe tsakanin farkon shekarun 1990 da ƙarshen shekarun 2000. Sunan ya fito ne daga Birtaniya, inda da farko yake nufin faifan da kamfani mai cin gashin kansa ya buga, kafin daga baya ya koma sunan wani salo da ake gane shi da kiɗan jita, da muryar da ba a cika yi mata ado ba, da baitoci kan kaɗaici da ƙuruciya da soyayyar da ba ta kai gaci ba. Wannan rabuwar ma'ana ce ta sa masu rubuta tarihinsa ba su haɗu a kan mafarinsa ba. Na ƙetare sukan fara lissafi daga 1996, lokacin da ƙungiyar The Cardigans ta yi suna a Amurka, na cikin gida sukan fara daga farkon shekarun 1990, yayin da masu kula da yadda ake buga faifai da rarraba shi suke komawa har 1970. Dangane da tushe, ra'ayi na uku ya fi ƙarfin hujja, domin salon bai zo ya tarar da fili fayau ba.

Labarin ABBA da nasarar da ta samu a gasar Eurovision ta 1974 sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa a daidai wannan lokaci akwai wani yunƙuri na matasa masu ra'ayin gurguzu da ake kira progg, wanda ya ɗauki kiɗan kasuwa a matsayin abokin gaba. Yunƙurin ya bayyana a fili a bukukuwan kiɗa na kyauta da aka yi a filin Gärdet na birnin Stockholm a 1970, kuma ya kafa kamfanoninsa na kansa, irin su MNW a garin Vaxholm da Silence, wanda daga baya ya koma ƙauyen Koppom a yankin Värmland, tare da hanyar rarraba faifai da ba ta bi ta hannun manyan 'yan kasuwa. Lokacin da aka kawo gasar Eurovision birnin Stockholm a 1975, 'yan progg sun shirya nasu bikin na adawa, kuma Suwidin ba ta shiga gasar 1976 ba. Kiɗan Träd, Gräs och Stenar ko na Nationalteatern bai yi kama da abin da aka kira indie daga baya ba, amma su ne suka nuna cewa matashi zai iya buga faifansa ya sayar ba tare da neman izinin kowa ba. Kiɗan punk, wato rock mai sauri da zafin baki, ya gaji wannan hali ta hannun Ebba Grön, wadda aka kafa a unguwar Rågsved a 1977, sannan The Nomads daga Solna da Union Carbide Productions daga Göteborg suka riƙe tutar rock mai kaushi a shekarun 1980.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma yawan ƙungiyoyin da suka fito daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 9 ba a lokacin yana da dalilai da za a iya nunawa. Na farko shi ne makarantun kiɗa na ƙananan hukumomi, inda yaro ke koyon kayan kiɗa bayan tashi daga makaranta a kan kuɗi kaɗan. Na biyu, wanda ya fi shafar rock kai tsaye, shi ne ƙungiyoyin ilimin manya irin su ABF da Studiefrämjandet, waɗanda gwamnati ke tallafa wa domin gudanar da da'irorin karatu. Mutum uku kan isa su yi rajista a matsayin da'ira, don haka samari uku ko huɗu masu jita da ganga sukan rubuta sunayensu, su riƙa cike takardar halarta duk lokacin da suka yi atisaye, a ba su ɗaki mai amsa-kuwwa da sauran kayan sauti, wani lokaci har da damar ɗaukar kaset na gwaji. Tsari ne da aka ƙirƙira domin ma'aikata su karanta littafi tare, sai ya zama shi ne ya raini mawaƙan rock na ƙananan garuruwa. Dalili na uku shi ne harshe, domin talabijin a Suwidin kan nuna finafinan Ingilishi da muryarsu ta asali tare da fassara a rubuce, abin da ya sa matasa suka taso kunnensu ya saba da harshen.

Zamanin da salon ya tsaya da ƙafafunsa ya faro ne daga ƙarshen shekarun 1980, kuma abin lura shi ne ba daga babban birni ya taso ba. A garin Skellefteå da ke arewa mai nisa, kamfanin A West Side Fabrication ya riƙa buga faifan ƙungiyoyin yankin, ciki har da This Perfect Day da The Bear Quartet ta garin Luleå, kuma a wannan garin ne aka kafa The Wannadies a 1988. 'Yan ƙungiyar Popsicle, waɗanda asalinsu daga Piteå ne, sun haɗu a Stockholm suka fitar da kundin Lacquer a 1992, mai cike da ƙarar jita irin ta ƙungiyoyin Birtaniya na lokacin. Garin Umeå ya ba da Komeda da kamfanin North of No South, Lund ya ba da Brainpool, Linköping kuma Cloudberry Jam. 'Yan jarida sun laƙaba wa wannan guguwa sunan swindie, wato indie na Suwidin, kuma ta sami masu yaɗa ta a tashar talabijin ta ZTV, da mujallar Pop da ta fito daga 1992 zuwa 1999, da tashar P3 ta rediyon gwamnati. Bikin Hultsfred, wanda wata ƙungiyar sa-kai mai suna Rockparty ta fara a 1986 a wani ƙaramin gari na yankin Småland, da bikin Emmaboda da ya biyo baya a 1988, su ne wuraren da matasan garuruwa daban-daban ke haɗuwa a lokacin zafi su ga juna ido da ido, su yi musayar kaset da ƙananan mujallun da suke bugawa da kansu.

Birnin Malmö ya cancanci a dakata a kansa. A can ne 'yan ƙungiyar Eggstone da mai tsara sauti Tore Johansson suka gina sutudiyon Tambourine a farkon shekarun 1990, suka cika shi da tsofaffin kayan ɗaukar sauti, a zamanin da sauran duniya ke tururuwa zuwa kwamfuta. Sautin da ya fito daga wurin mai ɗumi ne, mai tuno da pop na shekarun 1960, inda ake jin sarewa da kakaki da ganga marar hayaniya. The Cardigans, waɗanda suka taso daga Jönköping a 1992 da Nina Persson a matsayin mai rera waƙa, sun koma Malmö suka ɗauki Emmerdale na 1994 da Life na 1995 a wannan sutudiyo. Kasuwar farko da ta karɓe su hannu bibbiyu a ƙetare ita ce Japan, ba Birtaniya ko Amurka ba, har ta kai mawaƙan Japan irin su Tomoyo Harada da Bonnie Pink suna neman Johansson ya tsara musu faifai, kuma ƙungiyar Saint Etienne ta Birtaniya ita ma ta je Tambourine ta ɗauki kundinta na 1998. Amurka ta zo ne daga baya, lokacin da fim ɗin Romeo + Juliet na 1996 ya sanya waƙar Lovefool ta The Cardigans da You and Me Song ta The Wannadies cikin waƙoƙinsa. A 1997 gwamnati ta ƙirƙiro lambar yabo ta fitar da kiɗa zuwa ƙetare, kuma The Cardigans ce ta fara karɓa. Sai dai faifan ƙungiyar suna fitowa ne ta Stockholm Records, wanda ke da alaƙa da babban kamfanin PolyGram, don haka a wannan mataki sunan indie ya riga ya koma na salo kawai.

Tarihin da aka rubuta daga waje yakan tsallake ƙungiyoyin da suka fi shiga zukatan 'yan ƙasar, kuma wannan babban giɓi ne. Kent, daga garin masana'antu na Eskilstuna, ta fitar da kundinta na farko a 1995 da harshen Suwidanci, ta gwada sa'arta da fassarar Ingilishi ta kundayenta Isola da Hagnesta Hill ba ta sami karɓuwar da ta nema ba, ta dawo ga harshenta ta zama ƙungiyar rock mafi girma a ƙasar. A ranar 6 ga Yuni 2003 ta cika filin wasa na Stockholm da masu kallo da aka buƙaci su zo cikin fararen kaya. Bob hund, wadda aka kafa a 1991, ta rera da karin harshen kudancin ƙasar kuma ta buga faifanta a Silence, kamfanin nan na 'yan progg, wanda hakan shaida ce cewa igiyar ba ta tsinke ba. Broder Daniel ta Göteborg ta rera da Ingilishi mai sauƙi ƙwarai, amma kusan a gida kaɗai aka san ta, inda ta haifar da wani rukunin magoya baya da ake kira panda saboda baƙin gashi da baƙin kwalli da 'yan taurarin da suke mannawa a ƙarƙashin ido. Ta yi wasanta na ƙarshe a bikin Way Out West a 2008, bayan rasuwar makaɗin jitarta Anders Göthberg. Tsohon ɗan ƙungiyar, Håkan Hellström, ya fitar da kundinsa na farko da Suwidanci a 2000, kuma a 2016 mutane fiye da 70,000 suka je jin sa a dare guda a filin Ullevi.

Reshen rock mai zafi ya bi tasa hanyar ta kamfanin Burning Heart, wanda ya fara a garin Fagersta ya koma Örebro. Refused ta Umeå ta fitar da The Shape of Punk to Come a 1998, ta watse a wannan shekarar tana tsakiyar rangadi a Amurka, kuma sai bayan watsewarta aka gane girman aikin. The Hives ta Fagersta ta buga Veni Vidi Vicious a 2000, amma sai da Alan McGee ya tattara waƙoƙinta a kamfaninsa na Poptones a 2001 Birtaniya ta waiwaye ta. The Hellacopters da The Soundtrack of Our Lives da Sahara Hotnights sun shiga wannan jerin.

Guguwa ta biyu, wadda ta fi dacewa da ma'anar indie ta asali, ta ƙananan kamfanoni ce da intanet. Labrador, da aka kafa a 1998, ya tattara masu pop mai taushi irin su Acid House Kings da Club 8 da The Radio Dept., wadda kundinta Lesser Matters na 2003 ya bazu a ƙetare, musamman bayan an sa waƙoƙin ƙungiyar a fim ɗin Marie Antoinette na 2006. A Göteborg, kamfanin Service ya fito da The Embassy da The Tough Alliance da Jens Lekman, sannan The Tough Alliance ta kafa nata, Sincerely Yours, wanda ya buga Air France da jj. Mawaƙan wannan birni sun rage dogaro da jita, suka koma gina waƙa a kwamfuta cikin ɗakin kwana, suna yanko gutsattsarin tsofaffin faifai suna ɗora murya a kai. Wannan dabara ta ba Lekman kundinsa Night Falls Over Kortedala na 2007, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Suwidin, kuma ita ce ta jawo aka janye shi daga kasuwa a 2022 saboda ba a mallaki haƙƙin gutsattsarin ba, har sai da ya sake ɗaukarsa da sabon suna. Kiɗan da aka yi shi cikin 'yanci ya ci karo da dokar haƙƙin mallaka, kuma asara ce ga tarihin cewa ainihin kundin ya ɓace daga manhajojin sauraro.

Shekarun 2005 da 2006 su ne ƙololuwa. José González ya riga ya sake rera waƙar Heartbeats ta ƙungiyar The Knife da jita kaɗai, tallar talabijin ta Sony ta kai ta ko'ina. Peter Bjorn and John suka fitar da Young Folks mai fito da baki, tare da muryar Victoria Bergsman. The Knife kuwa, wato Karin da Olof Dreijer, ya da ƙane, suka buga Silent Shout a kamfaninsu na Rabid, mujallar intanet ta Pitchfork ta zaɓe shi kundin shekara, suka ci lambobin yabo na Grammis shida a 2007 ba tare da sun halarci bikin ba. Robyn ta bar babban kamfani ta kafa Konichiwa a 2005, Lykke Li kuma ta fito a 2008 da kundin da Björn Yttling na Peter Bjorn and John ya tsara, abin da ya sa iyaka tsakanin indie da pop na kasuwa ta kusa shafewa.

Bayan haka tsarin da ya ɗauki nauyin kiɗan ya sauya. Shafin Pirate Bay, da aka kafa a 2003, ya riga ya karya cinikin faifai, Spotify ya fara aiki a watan Oktoba 2008, kuma masu shirya bikin Hultsfred sun karye a 2010. First Aid Kit da The Tallest Man on Earth da Viagra Boys sun yi suna a ƙetare, amma kowannensu shi kaɗai, ba a matsayin guguwar wani gari ko wani kamfani ba. Kent ta yi bankwana a watan Disamba 2016, ta dawo a watan Maris 2025 ta yi wasanni shida a Stockholm.